Yatsan Altine

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, na san abin da kuke faɗi idan na ba da baya. Kuna cewa ni da baffanku Altine gādo ne ya shiga tsakaninmu, shi ya sa in ya zo Kebbe gaisuwa nake ba shi hannu in koma kan buzuna. Wane gādo? Abin da Baba ya bari ko akuya ba za ta yi faɗa a kansa ba. Sannan akwai ɗaya labarin da kuke jin daɗin bayarwa, wai tun ina yaro aka kira ni rumfar caca na ƙi saboda tsoron Allah. Har a wurin ɗaurin aure na ji ana faɗinsa, ana nuna ni da baki. To ku zauna ku ji, don duka biyun ba haka suke ba, kuma ba na son a binne ni da yabon da ban ci ba.

Ni ne ɗan fari a gidanmu na Tambuwal, kuma sunan kakana aka sa mini, Haliru. Ku yaran yanzu da kuke hawa wuyan iyayenku ba za ku gane abin da wannan yake nufi ba. A lokacinmu kunyar ɗan fari ake yi. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yi masa wasa. Inna ma haka, balle ita da ta fito daga gidan masu shanu a Kebbe, inda kunyar ta fi tsanani. In Baba yana nemana sai ya ce "kai," ko "ina wancan?" In baƙo ya tambaye shi ɗan waye wannan, sai ya ce ɗan gidan nan ne. Na san al'ada ce, kowa ya sani, kuma ban taɓa jin zafinta ba sai da aka haifi Altine a bayana da 'yan shekaru, na ga ashe bakin Baba ya iya kiran suna, har da ja masa wutsiya. Altine na, Altinen Baba. Duk da haka na haƙura, don kowane gida autansu haka yake.

Baba ma'auni ne a kasuwar hatsi. Mutum ne mai fara'a a waje, mai tsabtar riga, yana da keke baƙi da ya fi kula da shi fiye da jakinmu. Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, lokacin ana ta cewa yanzu Arewa za ta ga kuɗi, motoci suka yawaita a kan hanyar Jega, tasha ta cika da baƙin fuska. Cikinsu akwai wani da ya dawo daga Kurmi, mai haƙorin azurfa, wanda ba wanda ya damu da sunansa, Mai Faifai kawai ake ce masa. Ya kafa rumfa a bayan masu tsire. A ciki ya tsayar da wani faifan katako kamar ƙafar amalanke, an zana dabbobi kewaye da shi, kifi da zakara da kura da raƙumi da kunama da sauransu. A gabansa tebur mai irin waɗannan zanen. Ka aza kwabonka a kan dabbar da ranka ya ba ka, ya murza faifan, wani ɗan tsinke yana ta kar-kar-kar a kan ƙusoshi, inda ya tsaya nan ne mai rabo. In an hango 'yan doka sai ya jefa tabarma a kai ya zauna yana ɓare gyaɗa.

Wata ranar kasuwa mun kai wa Baba fura ni da Altine, muka biyo ta bayan masu tsire tare da shi. Altine ya ga zane ya tsaya, ya miƙa yatsa yana cewa ga kifi, ga kifi. Yaro ne, kifin ya ba shi sha'awa, shi ke nan. Baba ya yi dariya, ya jefa kwabo a kan kifin don wasa. Faifai ya juya ya tsaya a kifi. Aka yi shewa. Ya ce Altine ya sake nunawa, ya nuna zakara, zakara ya zo. Ina tsaye riƙe da ƙwaryar fura ina kallon fuskar Baba, wallahi ban taɓa ganinta da irin wannan haske ba, ko ranar Salla.

"Wanga yaro goshi gare shi," in ji Mai Faifai, yana murmushi da haƙorin nan nasa. "Malam, ka riƙe shi da kyau."

Baba kuwa ya riƙe shi. Tun daga ranar, duk ranar kasuwa sai a yi wa Altine wanka da sabulun Baba, a sa masa hula, a ɗora shi a kan ƙarfen keke, Baba na tuƙi yana waƙa. Ni kuma in biyo bayansu a ƙasa da jaki da buhunan gero, ina cin ƙurarsu. Kafin in iso sun gama, Altine na zaune a kan benci da tsinken tsire a kowane hannu, maiƙo har gwiwar hannu. Yakan miƙo mini ɗaya, ba zan yi masa ƙarya ba, amma sai in ce na ƙoshi, cikina kuwa yana kuka. Aka saya masa takalmi mai igiya, ni ina taka ƙaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da damina ta sauka Baba ya kafa doka cewa kada yatsan nan ya taɓa fartanya, kada ya taɓa wuƙa, kada ya ɗauki itace. Inna ta sa masa lalle a yatsan bisa umarnin Baba, tana yi tana tsaki. Kunyoyin da ya kamata Altine ya nome a gandu ni na haɗa da nawa. In na ɗago daga sunkuyo sai in hango shi a gindin kalgo yana wasa da fara, ɗan yatsan nan ja wur kamar na amarya. Kai!

Na yi kishi, ba zan ɓoye muku ba. Ba kuɗin nake wa kishi ba, ƙarfen keken nan nake so, da hannun Baba da yake dafa kan Altine in za su sha kwana. Na riƙa zana dabbobin a ƙasa bayan rumbu, ina rufe ido ina nunawa, ina jefa tsakuwa in ga ko nawa yatsan ma yana da wani abu. Wata rana na tara ƙarfin hali na same shi yana goge keke.

"Baba, ni ma a bar ni in nuna, ko sau guda."

Bai ma ɗago ba. "Kai? Hannunka na noma ne. Tafi ka ba jaki ruwa."

Ana cikin haka Kawu Buba, wan Inna, ya zo daga Kebbe sayar da bijimi. Shi kam ba ya kunyata, da sunana yake kirana tun daga ƙofar gida, yana tsokanata wai wuyana ya yi tsawo kamar na zalɓe. Ya kwana biyu ya ga yadda gidan yake tafiya. Bayan ya koma sai ga shi ya dawo yana jan wata karsana ja mai farin goshi. Ya damƙa mini igiyar a gaban Baba da maƙwabta, ya ce habbanaye ce. Ku da ba ku tashi cikin shanu ba, ga yadda abin yake: mutum ya ba ka aron saniya, ka yi kiwonta, ka sha nononta, 'ya'yan da ta haifa naka ne, sannan ka mayar da uwar ga mai ita da hannunka. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a jinginar da ita, ko yunwa za ta kashe gidan. Wanda ya ci habbanaye ya gama cin mutuncinsa a wurin masu shanu, har jikokinsa.

"Haliru nika ba, ba gidan ga ba," in ji Kawu, yana kallon Baba cikin ido. "Sunanta Wule. In ta rame, kunnenka nika ja."

A karo na farko na sami abin da Altine ba shi da shi. Na bi saniyar nan kamar mahaukaci. Na yi mata ciyawa a fadama, na cire mata kaska, na ba ta dusar da nake roƙo gida-gida. In Altine ya matso zai shafa ta sai in ce a'a, kada yatsanka ya lalace. Ya tsaya daga nesa yana kallo. Na ji daɗin wannan ƙwarai, kuma ba zan ce muku ban ji ba.

Faifai kuwa ya fara juya baya. Ya ba Baba kaɗan, ya karɓe da yawa, kamar yadda yake yi wa kowa, amma Baba bai taɓa yarda laifin faifai ba ne, balle na yatsan Altine. Yau ya ce sun gamu da mai ido ɗaya a hanya, gobe ya ce an ba yaron tuwon kwana. Aka fasa rumbu tun kafin gero ya yi bununi. Masu kawo masa hatsi daga Jabo da Dogon Daji suka koma wurin wani ma'aunin, don in sun zo ba sa samun sa a rumfa. Babbar rigarsa ta Salla ta tafi. Inna ta yi magana har ta gaji.

"Malam, ɗiyan ga mi za su ci? Faifan katako za shi ciyar da mu?"

"Ke ba ki san kome ba. Sa'a tana nan, wani abu ne ka tare ta."

Da ya rasa abin da ke tare ta sai ya juyo kaina. Ranar da keken ya tafi, ya dawo a ƙasa ɗauke da Altine a wuya, ya same ni ina ɗaure Wule. Ya tsaya ya dube ni, ya daɗe, abin da bai saba yi ba.

"Idon wanga ne," ya ce wa Inna. "Kullum munka fita sai ya bi yaron da kallo. Baƙin cikinshi ne ka ɓata muna sa'a."

Daga ranar ya hana in ga Altine da safiyar kasuwa, sai in shiga ɗaki in rufe har su fita. Abin da ya fi ƙona ni shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Ina bin sa da kallo, kuma ina baƙin ciki. Sai dai na lura da wani abu ta kafar ƙofa: Altine ya daina murna da ranar kasuwa. Ya rame, yana fitsarin kwance, in an zo yi masa wanka sai ya ce cikinsa ke ciwo. Na gani, amma ban ji tausayinsa ba. A raina cewa nake, ko da ciwon ciki ne, ai a wuyan Baba yake tafiya.

Ranar da abin ya faru, bayan kaka ne, na dawo daga rafi da hantsi ɗauke da ciyawa na tarar da turke babu saniya. Inna na zaune a bakin murhu ba wuta, ta rufe fuska da gefen zane. Ban tambaye ta ba. Na yar da ciyawar na zuba da gudu. A kara, inda ake cinikin dabbobi, na hango Wule ɗaure cikin shanun wani falke da ke lodi zuwa Kurmi, an riga an shafa mata shuni a gadon baya. Tana ganina ta yi kuka. Dillalin ya san ni, ya ce in Baba ya dawo da kuɗin kafin mota ta tashi, shi zai sa baki a warware ciniki. Na juya sai bayan masu tsire.

Rumfar ta cika maƙil, don labari ya zaga cewa ma'auni ya zo da kuɗin saniya. Na kutsa ta tsakanin ƙafafun mutane. Baba na durƙushe a gaban tebur, kuɗin na ƙulle a hannunsa, gumi ya jiƙa masa hula. Altine na tsaye a gabansa ya cusa hannayensa biyu a hammata, yana kuka ba sauti.

"Nuna mana, Altine na. Guda ɗai. Mu maido keke, mu maido saniya, in saya maka agogo."

"Ba ni nunawa, Baba. Ban san ko wane ba. Wallahi ban taɓa sani ba."

Baba ya lallashe shi, ya yi masa tsawa, ya sake lallashi. Yaro ya ƙi. Mutane suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Baba ya ɗago yana waige-waige kamar wanda ruwa ya ci, idonsa ya faɗo kaina. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

"Haliru. Haliru, zo ɗana. Zo ka nuna."

Har sau biyu, a gaban kasuwa. Ku yarda da ni, ƙafafuna da kansu suka taka zuwa wurinsa. Ya kama hannuna, tafinsa da zafi, ya jawo ni jikinsa har ina jin warin turarensa. Shekara guda ina mafarkin wannan. Na dubi tebur, kuma na san abin da zan nuna, raƙumi, tun a bayan rumbu na zaɓe shi. Yatsana har ya fara miƙewa. Sai na dubi Altine, na ga ɗaya hannun Baba har yanzu yana dafe da kansa. Nan take wani abu ya taso mini. Ashe sai da Altine ya ƙi aka tuna ina da suna. Ragowarsa aka miƙo mini, kamar tsiren nan. Ba Allah na tuna ba a lokacin, Allah Ya yafe mini, ba ma Wule na tuna ba. Zuciya ce kawai irin ta mai kishi. Na fizge hannuna.

"Hannuna na noma ne," na ce. "Ka ba ni kuɗin Kawu in kai ma dillali."

Sai wani a rumfar ya ce, kai, yaro ya faɗi gaskiya. Daga nan ne labarin tsoron Allah ya samo asali. Fuskar Baba ta canza, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya juya ya zaro hannun Altine daga hammata da ƙarfi, ya kama ɗan yatsan mai lalle, ya dangwala shi a kan tebur. Kan kifi ya faɗa. Ya zube kuɗin duka a wurin. Faifai ya yi ta kar-kar-kar, ya wuce kifi, ya tsaya a kunama. Ba raƙumi ba ne, in kuna son sani. Na sha gode wa Allah a kan wannan.

Na koma kara na tsaya har aka tura Wule cikin mota. A hanyar gida ina tafe a bayansu, kamar kullum. Na zaci yau dai Altine zai sha duka, kuma kada in ɓoye muku, na so ya sha. Ina! Baba ya ɗauke shi a wuya, yana shafa masa ƙafa, ina ji yana cewa, yi shiru Altine na, ba laifinka ba ne, wancan ne ya ƙi. Na koma wancan tun kafin mu kai gida.

Washegari na kama hanyar Kebbe a ƙasa, don habbanaye ni aka ba, ni ya kamata in kai labari. Kawu ya saurare ni yana tsefe igiya. Ya ce saniya ta tafi, ba ya neman ramuwa, amma daga yau ko kaza ba mai ba gidan Tambuwal aro a cikin danginsu. Sannan ya ce ni in zauna. Na zauna, na bi shanunsa, na yi aure a nan, na haife ku a nan. Abin da ya sa kuke mutanen Kebbe ke nan. Inna ma ta yi yaji ta biyo ni, daga baya aka yi biko ta koma. Da kasuwar ta daina ba shi, Mai Faifai ya naɗe kayansa ya yi gaba. Baba bai sake caca ba, don ba abin da zai aza, amma kuma bai sake zama ma'auni ba. Ni na riƙa aika musu gero kowace kaka har ƙarshen ransa.

Baffanku kun san shi. Kun sha yi masa dariya don ba ya iya zaɓar ko ragon layya, sai ya ce ku zaɓa mini. In zai nuna hanya da haɓa yake nunawa. Yanzu kun san dalili, sai ku daina. Wata rana muna zaune a zaure, mun tsufa, ya ce mini wai shi a lokacin ni yake wa sha'awa, ina tafe bayan jaki ba mai jiran kome daga yatsana. Na ji, kuma na san ba ƙarya yake ba. Amma ban karɓa ba. Mai ƙoshi ne yake ba da labarin wahalar tauna.

Da Baba ya kwanta ciwon ajali aka aiko mini. Na iso da la'asar, Altine ya fita neman magani. Idon Baba ya riga ya tafi, sai kunne da hannu. Na durƙusa a gefen gado na yi gaisuwa a hankali, ban faɗi ko ni waye ba, don a raina ina cewa yau ko da kuskure ne zai faɗi sunana. Ya laluba ya kama hannuna na dama, fuskarsa ta saki, ya yi irin murmushin nan na ranar kifi. Ya bi tafina da babban yatsansa har ya kai ga manuniya, ya riƙe ta, yana murzawa. Sai ya ji kanta, kantar fartanya da igiyar shanu. Murmushin ya tafi. Ya sake ni a hankali, ya mayar da hannunsa kan ƙirji.

"Ba wanga ba," ya ce. "Ina Altine?"

Na tashi na fita na kirawo masa shi.